Sawun da Ya Karkace a Bangon Tasha

Duk wanda ya taɓa jiran bas a ƙaramar tashar da ke bakin kasuwa ya san bangon nan, ko da bai san mai shi ba. Bayan wani tsohon sito ne, rumfar kwano ta fasinjoji ta jingina da shi. Tun daga ƙasa har inda hannun mutum zai kai, babu komai a jikinsa sai sawun ƙafafu: manya da ƙanana, masu faɗi kamar faranti da sirara, baƙaƙe, jajaye, da masu ruwan ƙasa. A gindinsa, kan wata gajeriyar kujera da aka ɗaure ƙafarta da roba, nan mai gyaran takalmi yake zama. 'Yan tasha suna ce masa Baba Mai Sawu, kuma ya daɗe da daina musu.

Shi bai taɓa kiran kansa mai zane ba. In wani baƙo ya tsaya ya ce, "Baba, wannan ai fasaha ce," sai ya ce, "To madalla. Kawo takalmin dai, na ga diddigensa ya cinye."

Tun yana saurayi aka kai shi wurin wani tsohon mai gyara ya koyi sana'a. Maigidan nasa ya koya masa riƙon basilla, da barin gam ya sha iska kafin a haɗa, da yadda ake aza ƙafar mutum a kan kwali a zagaye ta da fensir kafin a yanka sabon tafin takalmi. Amma abin da ya fi nanata masa shi ne kada ya kalli fuskar wanda ya kawo gyara.

"Mutumin da takalminsa ya tsinke a tsakiyar hanya, kunya ce ta kawo shi wurinka," in ji tsohon. "Ga shi tsaye da ƙafa ɗaya a waje, safarsa ta huje, faso ya tsattsaga masa diddige. In ka ɗaga kai ka dube shi, ka ƙara masa. Balle a ce mace ce. Ka dubi aikinka kawai."

Ya riƙe wannan magana har ta zame masa jiki. Shekaru suka tanƙwara masa wuya, ya ƙara da wata tsohuwar malafa mai faɗin baki, ta yadda duniyarsa ta tsaya daga gwiwar mutum zuwa ƙasa. Kuma a faɗi gaskiya, ya san wannan duniyar. Yana ganin takalmi zai gaya maka mai shi direba ne, ko tela, ko ɗan dako, ko wanda ke wuni a ofis yana kaɗa ƙafa. Mutum zai daɗe bai zo ba, ya ɗora ƙafa a kan akwatin, Baba ya ce, "Ina ka shiga? Yaya ciwon gwiwar?" ba tare da ya ɗaga malafa ba. Wannan ya sa masa ɗan alfahari, irin wanda ba ya cutar da kowa sai mai shi. Yakan ce, "Fuska tana ƙarya, ƙafa ba ta iya ba."

Bangon kuwa, matarsa ce sanadinsa. Shi mutum ne da ba ya iya zubar da kwalin da ya auna ƙafar wani a kai, sai ya kwaso su gida ya tura ƙarƙashin gado. Wata rana ta kawo masa abincin rana, 'yarsu tana riƙe da gefen zanenta, sai matar ta ce, "Malam, ɗakina ya cika da ƙafafun mutanen gari, kyankyasai sai haihuwa suke yi a ciki. Ni kuwa da nake share su, ba a taɓa auna tawa ba."

"To kawo ta," ya ce.

Ta ɗauka wasa yake yi. Ya kama ƙafar ya aza a kan kwali, tana dariya tana cewa fensirin yana mata cakulkuli, ga mutane suna kallo. Ya yanke kwalin, ya dafe shi a bango daidai kafaɗarsa ta dama, ya zagaye shi da ragowar jan rinin takalmi, ya cike cikin. 'Yar ta ce ita ma sai an yi mata, ta zauna a ƙasa tana shure-shure har aka yi. Auta suke ce mata, domin biyun da suka riga ta ba su zauna ba, kuma ba a sake samun wani bayanta ba. Wani kwandasta da ke jiran a ɗinke masa silifa ya ce ai shi ma ɗan mutane ne. Kafin shekara ta zagayo, bangon ya fara cika.

Ba haka kawai yake zuba su ba. Benci ɗaya ne a gabansa, mai cin mutum uku in sun matsa wa juna, kuma kunnensa yana aiki ko da idonsa yana kan basilla. In mutum biyu da ba su san juna ba suka zauna jiran gyara har hira ta haɗa su, sai ya zana sawunsu kusa da juna, yatsu suna fuskantar yatsu. In gardama suka yi suka rabu baram-baram, sai ya haɗa su diddige da diddige. Wanda ya zauna shiru har ya tashi, shi kuma can gefe yake sa shi, shi kaɗai, yatsunsa suna kallon titi. Ba ya rubuta suna. Kowa ya nemi nasa.

Kuma suna nema. In bas ta yi jinkiri, abin da ba ta fasawa, za ka ga dattijo mai mutunci ya cire takalmi yana gwada shi a bango, wata mata da bai taɓa gani ba tana ce masa, "Ba wannan ba ne, Baba, duba na sama." Akwai wata malamar asibiti da wani mai gyaran rediyo da suka fara hira a bencin a kan zafin rana. Baba ya haɗa yatsunsu, 'yan tasha suka sa su a gaba da tsokana, yanzu ga sawun 'ya'yansu nan a ƙarƙashin nasu. Akwai kuma direbobi biyu da ya haɗa diddige da diddige. Da suka gaji da yadda kowa ke nuna su, sai suka zo tare suka ce a juya su. Ya ce sai sun zauna sun yi hirar, ya ji da kunnensa. Haka suka zauna suka yi ta, suna hararar juna.

Auta a gindin bangon nan ta girma. Duk lokacin da takalminta ya matse ta, sai ya sake auna ta ya ƙara sabon sawu a saman na baya, har nata suka jeru kamar matakala. Ita ce mai yi masa faɗa a kan ƙusoshin da yake tarawa a baki in yana aiki. Takan ce, "Baba, wata rana sai ka haɗiye ɗaya." Shi kuma ya ce, ta cikin ƙusoshin, "Sai ki gaji akwatin."

Tana budurwa mahaifiyarta ta kwanta ciwo, kuma ciwon bai ja lokaci ba. Bayan an share makoki Baba ya dawo tasha, amma ba aiki ya dawo yi ba. Juya kujerarsa ya yi, ya ba titi baya, ya zuba wa jan sawun nan ido. Takalma suka taru a gefensa, masu su suka gaji suka kwashe. Abincin da Auta ke kawowa yadda ta ajiye shi haka take ɗauka. Ta yi lallashi, ta yi kuka, ta kira 'yan'uwa suka yi masa nasiha, duk a banza. Ya rame har malafar ta yi masa yawa.

Sai ta yi tunani irin na mai ƙuruciya da ƙauna: in babu abin kallon, dole ya juyo. Wata rana da sassafe ta riga shi zuwa, da bokiti da sabulu da burushin ƙarfe. Rinin ya daɗe da shiga cikin siminti, sai da ta kankare har yatsunta suka yi jini. Yana isowa ya tarar da ita a durƙushe, jan ruwa yana gangarawa cikin kwata.

"Me kika yi?" ya ce.

"Baba, so nake ka ci abinci."

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, a hankali, ba da tsawa ba, "Tashi ki tafi. Kada in ƙara ganin fuskarki, kada in ƙara jin muryarki."

Magana zarar bunu ce. Shi a ransa fushin na yini ɗaya ne, ko na mako. Amma ya manta 'yar wa ya faɗa wa, domin taurin kan da yake taƙama da shi, ita ma ta gada cif. Kafin ya koma gida ta ɗaure kayanta ta tafi wurin ƙanwar mahaifiyarta a wani gari mai nisa. Abin haushin shi ne dabarar tata ta yi aiki. Da ya rasa abin kallo, sai ya juya kujerar, ya ɗauki basilla, yunwa ta kama shi ya ci abinci. Ya sani sarai ita ta tashe shi. Ya tsaya jiran ta dawo ta ba shi haƙuri, ita kuma can tana jiran ya aiko. Lokacin da ya sauko ya aika, aka ce ta yi aure sun tashi da mijin. Da ya sake aikawa, aka ce innar tata ma ta rasu, ba wanda ya san inda suke.

Wurin da aka kankare ya zauna fari fat a tsakiyar bangon. An cika sama, an cika ƙasa, amma bai yarda an sa kowa a nan ba. Ba ya maganar Auta da kowa, sai dai babu ranar da ba ya jiran ta. Duk ƙafar mace da ta hau akwatin nan, sai gabansa ya faɗi kafin ya duba. Abu ɗaya yake kwantar masa da rai: ranar da ta dawo, ko cikin dubu ta sa ƙafa zai gane ta. Siririya ce, mai santsi, ƙaramin yatsan yana ɓuya a ƙarƙashin na kusa da shi. Shi ya auna ta tun tana kamar ɗan cokali.

Cikin waɗannan shekaru ne wata mai sayar da lemo ta kafa teburinta a gefensa. Mace ce mai jiki da kaifin baki, wadda ba ta ganin abu ta yi shiru. Ba ta san matarsa ba, ba ta san 'yarsa ba, ta dai san kada a taɓa farin wurin nan. Kullum cikin faɗa suke: ita ta ce warin gam ɗinsa yana korar mata masu saye, shi ya ce ɓawon lemonta zai karya wani. In rana ta yi tsaka kuma sai ta fere ɗaya ta ajiye masa a kan akwati ba tare da ta ce komai ba.

Wata rana da hantsi wata mata ta zo ta zauna a bencin, ta ɗora ƙafa a kan akwatin. Gabansa ya faɗi kamar kullum, ya duba, ya sauke numfashi. Ƙafa ce mai faɗi, a kumbure har idon sawu ya ɓace, jijiyoyi sun tashi, faso ya tsattsaga diddigen, ga tabon ƙuna a bayanta. Takalmin baƙi ne marar tudu, tafinsa ya huje, wani farin gari ya cike duk inda ɗinki ya bi.

"Sannu, baiwar Allah," ya ce. "Sabon tafi za a sa?"

Ba ta amsa ba. Ya ɗauka ko kurma ce, ko kuma kunyar ƙafar take ji, don haka ya ƙara jan malafa ƙasa yadda maigidansa ya koya masa. Ya zaro kwali ya aza ƙafar. Fensir yana taɓa ta sai ta hau rawa.

"Yi haƙuri, cakulkuli ne, kowa haka yake yi," ya ce. "Tsayuwa ta yi miki yawa, 'yata. Ki riƙa jiƙa su a ruwan ɗumi in kin tashi aiki."

Duk macen da ba ta kai shi shekaru ba 'yata yake ce mata, ba wani abu ba ne a wurinsa. Wani ɗigon ruwa ya faɗo a kan kwalin, ya sa babban yatsa ya share. Ana zafi a ranar, kowa gumi yake yi.

Ta sake dawowa da ɗaya takalmin, ya gyara. Ta kuma dawowa da wani wanda babu abin da ya same shi. Ya juya shi, ya lanƙwasa, ya ce, "Wannan ai lafiyarsa ƙalau," ya goge mata shi don kada ta yi zuwan banza. A ranar ta daɗe a bencin. Bas ta zo ta tafi, wata ta zo ta tafi, tana zaune. Daga baya ya ga ƙafafun sun miƙe, sun ɗan tsaya a gabansa, sun juya. Da yamma ya ɗauko kwalinta ya yi mata abin da yake yi wa marasa magana: ya zana ta can gefe da baƙin rini, ita kaɗai, tana kallon titi.

Bayan 'yan kwanaki wani fasinja ya zauna yana mamakin bangon, Baba kuwa bakinsa ya buɗe. Yana cikin cewa, "Ni ƙafar da na taɓa aunawa sau ɗaya, har abada," sai Mai Lemo ta buga wuƙarta a kan tebur.

"Kai dai tsohon nan, Allah ya shirye ka," ta ce. "An ce in rufa asiri, na rufa har ya ishe ni. Labarin zuciya a tambayi fuska aka ce, ba a ce a tambayi diddige ba."

"Yau kuma da me kika tashi?"

"Matar nan mai kumburin ƙafa, da ka ce kurma ce. Tun ranar farko kuka take yi a kan malafarka, kai kana can kana ba ta labarin ruwan ɗumi. Ran da ta zo na ƙarshe ta tsaya nan wurina. Ka san abin da ta tambaye ni? Ta ce, har yanzu tsohon nan bai daina tara ƙusa a baki ba?"

Fasinjan ya ɗauki takalminsa ya zame.

"Ta ce ka hana ta nuna maka fuska, ka hana ta yi maka magana, shi ya sa ta kawo maka abin da ba ka hana ba. Ta ce in ka kira sunanta, ka yafe ke nan. In ka yi shiru, to ka gane ta ne ka ƙi. Na ce mata wataƙila bai gane ba ne. Ta ce ba zai yiwu ba, duk garin nan an san babanta ba ya manta ƙafa." Mai Lemo ta goge hannu a zane, muryarta ta sauka. "Ta ce tunda haka ne, za ta koma inda ta fito. Ban san ko ta tafi ba."

Ya zare ƙusoshin daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, domin ya ji da gaske zai haɗiye su. Ya buɗe akwati ya lalubo kwalin, ya kai shi jikin sawun Auta na ƙarshe, na saman matakalar. Kwalin ya rufe shi ruf, har da saura ta ko'ina. Amma ga ƙaramin yatsan nan, a ɓoye ƙarƙashin ɗan'uwansa. Ya gan shi a ranar, fensirinsa ya bi ta kansa, bai tsaya ba. Ƙafar budurwa yake jira. Shekarun da suka tanƙwara masa wuya, ya ɗauka ita sun bar ta yadda take. Kunya ta kama shi, da tausayin ƙafar nan, da tsoron da bai taɓa jin irinsa ba tun ranar da matarsa ta kwanta.

"Ina take zaune?" ya ce.

"Ba ta faɗa ba."

Ya rufe ido ya tuno takalmin. Farin garin da ke cikin ɗinkin ba ƙura ba ce, ba siminti ba ne, domin da ya jiƙa zare ya ji shi yana danƙo. Fulawa ce. Ga tsayuwa, ga tabon ƙuna. Ya miƙe, ya cire malafar ya ajiye a kan teburin lemo.

"Riƙe mini wannan. Gidan burodi za ni."

"Wanne daga ciki?"

"Duka."

Tafiya da kai a sama ba ƙaramin aiki ba ne ga wuyan da ya saba da sunkuyo. Rana ta dake shi a ido, jijiyar ƙeyarsa ta riƙa ja. Ya ga garin da ya tsufa a cikinsa cike da baƙin fuskoki, kuma duk sun san shi. Wani mai furfura ya tare shi da fara'a, "Baba, lafiya kuwa, yau ba malafa?" Sai da ya saci kallon ƙasa sannan ya gane ɗaya daga direbobin nan ne da ya taɓa sasantawa. Ashe haka fuskarsa take.

Gidan burodin farko maza ne zalla. A na gaba aka ce akwai mata, amma babu mai kamar wadda yake faɗa, kuma da ma me zai faɗa? Da aka ce ya kwatanta ta, sai ya ji kansa yana kwatanta diddige. Ya bi lungu ya fita lungu, ƙamshi yana ja masa gaba, har ya kai wani a bayan kasuwa, mai ƙaramar ƙofa da zafi kamar a dafa mutum. Mai gidan ya ce ya shiga ya duba.

Mata ne a jere a bayan wani dogon tebur, suna sa burodi a leda, kowacce da farin ƙyalle a ka. Idonsa ya tafi ƙasa da kansa, sai ya tarar teburin rufaffe ne har ƙasa da buhunan fulawa. Babu ƙafa ko ɗaya a waje. Dole ya ɗaga kai ya bi su fuska bayan fuska, abin da bai taɓa yi wa mata ba a rayuwarsa. Suka tsaya da aiki suna kallon tsohon da ke kallonsu.

Tana can ƙarshe, kusa da taga. Ta yi ƙiba, ta yi duhu, idanun sun faɗa. Amma goshin na mahaifiyarta ne, da yadda take cije leɓe in tana son hana kanta kuka.

"Auta," ya ce.

Burodin da ke hannunta ya faɗi. Ta sa hannu ta toshe baki.

"Yi magana, 'yar nan. Na san abin da na ce. Na janye shi tun kafin ki kai inda za ki, girman kai ne ya hana ni biyo ki."

"Na zo har sau nawa, Baba," ta ce. Muryar ta yi kauri, amma ita ce. "Na sa maka ƙafata a hannu."

"Ban gane ki ba ne. Wallahi ban gane ki ba."

Ta dube shi kamar ya ce mata rana ta fito daga yamma. "Kai, Baba? Ƙafa?"

"Ni ɗin."

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da kuka. "Da ka gane ni ka ƙi, da ka kasa gane ni, ban san wanda ya fi ciwo ba."

"Na biyun ya fi sauƙin gyara," ya ce.

Matan suka sunkuyar da kai suka koma sa burodi a leda, suna jan hanci. Mai gidan ya ce ta je, yau an yafe mata sauran aikin. A hanya ta gaya masa mijin ya rasu, ta dawo garin da ta sani ta sami wannan aikin, kuma ta riga ta ɗaure kayanta tana jiran ƙarshen wata. Suna dab da tasha ta tsaya.

"Na goge maka Mama," ta ce.

"Rini kika goge. Kuma na ci abincin, Auta. Ban taɓa samun gaya miki ba."

Mai Lemo ta hango su tun daga nesa. Ba ta ce uffan ba, abin da 'yan tasha suka ce ba a taɓa gani ba. Ta dai fere lemo biyu ta ajiye a kan akwati. Baba ya nuna wa Auta baƙin sawun da ke can gefe shi kaɗai, ya ce zai nemo burushi ya kankare shi.

"Bar mini," ta ce. "Wannan aikin na iya shi."

Da ta gama, ya zaunar da ita a benci, ya zaro sabon kwali, ya aza ƙafar. Sai dai wannan karon ya kasa sunkuyawa. Fensir yana tafiya a ƙasa, idonsa yana kan fuskarta, yana tambayarta ko tana cin abinci sosai, ko ɗakin da take haya yana yoyo. Layin ya kauce a diddige, ya kumbura a inda babu kumburi, ya ƙara mata wani abu mai kama da yatsa na shida. Haka ya yanke shi, haka ya dafe shi a farin wurin nan da ke daidai kafaɗarsa ta dama, ya cike shi da jan rini, yatsun suna kallon kujerarsa.

Duk bangon babu sawun da ya kai shi muni. Kwandastoci sun ce ƙafar agwagwa ce, Mai Lemo ta ce tsufa ne ya kama shi, Auta da kanta takan ce ya gyara in ta kawo masa abincin rana. Ya ƙi. Har yau in baƙo ya tsaya jiran bas ya tambayi na wane ne wannan karkataccen, sai Baba ya ture malafa baya, ya dubi mai tambayar a fuska, ya ce na 'yarsa ne.